Rana Mai Laushi

Litinin, 4 ga Nuwamba, bakwai da rabi na safe

Mai hasashen yanayi a rediyo ya ce a kwanaki masu zuwa ba za a yi sanyi sosai ba, za a yi ruwa, kuma sama ba ta da tabbas. Na ajiye kofin shayi na yi masa tafi. A yammacin Ayaland, a watan Nuwamba, ka ce za a yi ruwa? Bawan Allah, albashinka ya halatta.

Ranar Juma'a na je birni, na dawo. Ba zan rubuta abin da aka gani a can ba. Littafin nan nawa ne, ni ke zaɓar wanda zai shigo cikinsa.

Abin da zan rubuta shi ne an ce in daina magana har zuwa ashirin ga wata, ranar da za su yi abin da za su yi. Ko raɗa an hana ni, wai ta fi ihu ɓarna. Na tambayi likitan, wani matashi mai tsabtar farce, ko ya san sana'ata. Ya leƙa takarda ya ce, “Malamar firamare.” Na ce, “To ka taɓa ganin an koyar da cikakken aji da gira?” Ya yi mini irin murmushin da ake yi wa tsofaffi.

Za mu gani.

Litinin, bayan an tashi makaranta

Packie Joe Mulkerrin na jingine da ƙofar gonarsa da safe kamar kullum, hularsa ta jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga daga kan hancinsa.

“Rana mai laushi, Malama.”

“Mai laushi, Packie, godiya ga Allah.”

Tun ina budurwa a kan keke muke wannan musayar, ni da shi, ko rana ɗaya ba mu tsallake ba.

A aji, Sorcha mai kitso biyu ta ɗaga hannu kafin in cire rigar ruwa. “Malama, me ya sa kakata take cewa rana mai laushi alhali ta jiƙe har ƙashi? Ba ƙarya ba ne?”

Irin tambayar da nake rayuwa dominta ke nan! Na watsar da lissafi. Na ce, a garinmu Glenvarra ba a wuce mutum ba a ce masa komai game da sama ba, kuma ba a zagin ruwa, don shi ke fito da ciyawa, ciyawa ke riƙe da tumaki, tumaki ke riƙe da mu. Yayyafi rana mai laushi ce. Mamako rana mai laushi ce. Shekarar da iska ta yaye rufin coci, mahaifina ya leƙa taga ya ce, “Yau ta ɗan motsa.”

Ultan, sarkin surutun bencin baya, ya ce, “To in mutum ya gaishe ka da ita ka ƙi amsawa fa?”

Ajin gaba ɗaya ya ja numfashi. Sorcha ta ce, “Ai gara ka mare shi.”

Na ba su aiki: kowa ya je wurin kakanninsa ya kwaso mini duk sunan da suka sani na ruwan sama. Na yi ta zuba har ƙararrawa. Na ji daɗi ƙwarai.

Yanzu haɗiyar shayi ma aiki ce.

Talata, 5 ga Nuwamba, tsakar rana

Muryata ta ɗauke a tsakiyar labari. Na buɗe baki, iska kawai. Yara suka yi dariya, suka ce kwaɗon da ke zaune a wuyan Malama tun lokacin hutu ya yi barci. Ni ma na yi dariyar, marar sauti.

Ta dawo bayan na sha ruwan ɗumi. Rabinta.

Laraba, 6 ga Nuwamba, biyar na yamma

Na yanke shawara. Muryar da ta rage kaɗan ce, kuma ta yara ce. Ba zan ɓarnatar da ko kalma ɗaya a wajen aji ba. Likita ya samu rabi, yara su samu rabi. Raba-daidai ke nan, ko bai yarda ba.

Mutum biyu kawai suka sani: Yaya Attracta, don gida ɗaya muke kuma ba a ɓoye mata ko tari, sai Fintan, don shi ne hedimasta kuma dole ya san ba zan zo ranar ashirin ba. Na sa su sun rantse. Na san garin nan. Da zarar an ji, za a fara sallama da burodi mai zabibi naɗe a tsumma, ana karkatar da kai gefe, ana cewa “Malama ai mutuniyar kirki ce” da irin muryar da ake yabon mamaci. Haka aka yi wa mahaifiyarmu. Ta ce mini burodin ya fi ciwon gajiyar da ita.

Ba za a karkatar mini da kai ba.

Da safe na wuce Packie.

“Rana mai laushi, Malama.”

Na gyaɗa kai, na yi murmushi har kunne, na ɗaga lema. Na ci gaba da tafiya. Ban waiwaya ba, amma na ji shirunsa a ƙeyata har ƙofar makaranta.

Gyaɗa kai ai amsa ce. A ko'ina cikin duniya amsa ce.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da safe

Ruwa. Na gyaɗa kai. Bai maimaita ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, huɗu da rabi

Fintan ya kira ni ofis. Yaron da na koya wa ɗaure igiyar takalmi, wanda ya yi fitsari a wando ranarsa ta farko na ce ruwan sama ne ya jiƙa shi, yau shi ke nuna mini kujera.

“Malama, zauna mana. Ina jin ki ta bango. Kamar ana jan buhu a kan tsakuwa.”

Na ɗauki ɗan allon yara da alli da nake yawo da su yanzu, na rubuta: *Daina saurare ta bango.*

“Akwai wata yarinya da ta gama kwaleji, tana neman wuri. Za ta iya riƙe miki ajin tun daga Litinin. Ki huta.”

*Ajina ne.*

“Babu wanda ya ce ba naki ba ne.”

Na ja layi biyu a ƙarƙashinsa.

Ya shafa goshi. “Malama, tsakani da Allah, idan bayan aikin asibitin muryar ba ta dawo ba fa? Kin yi tunanin wannan?”

Na dube shi har ya sunkuyar da kai. Sannan na goge allon na rubuta: *Ranka ya daɗe, igiyar takalminka ta kwance.* Ya duba ƙasa. Ta kwance ɗin kuwa.

Mun daidaita: ni ce har sha tara ga wata, yarinyar ta karɓa daga ashirin. Riƙo kawai. Na sa ya faɗi kalmar da bakinsa. Riƙo.

Ban yi tunanin wannan ba. Ba kuma zan yi ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da hantsi

Kanti. Concepta na bayan tebur, mata uku na tsaye suna ɗigar da ruwa a kan tabarmar ƙofa.

“Kai, Malama, ɗumin nan bai yi yawa ba a wannan lokaci? Furen ƙofata har ya sake tohowa, ya ɗauka bazara ce.”

Na yi murmushi, na ajiye madara da ganyen shayi.

“An ce dai ruwan zai kai mu ƙarshen wata.”

Na ɗaga kafaɗa.

Ta ƙulle mini kayan kamar tana ƙulle gawar kaza. Ina jan ƙofa na ji ta ce, ba a hankali ba, “To! Ashe har mu abin ya shafa.”

Har su wane abin ya shafa?

Lahadi, 10 ga Nuwamba, bayan abincin rana

Yaya Attracta ta dawo daga coci da labari, ko rigar ruwa ba ta cire ba.

“Yesu, Maryamu da Yusufu! Ke Nuala, kin san me ake cewa? Wai gaba kike yi da garin nan kaf saboda ragon Packie.”

Na ajiye cokali.

Watan jiya ne ragon nan ya tsallake katangar duwatsu ya shiga lambun makaranta, ya cinye dashen itatuwan da ajina ya raina tun daga ƙwaya. Na yi wa Packie tas a bakin hanya, gaskiya ne, har na kira ragon da sunan da bai dace da malama ba. Washegari ya ce rana mai laushi, na ce mai laushi, magana ta mutu. Ni a wurina.

“An ce kin haɗiye ne, yanzu ya taso. Concepta ta ce don ta goyi bayan ragon ne kika daina yi mata magana. An tambayi yara, sun ce a aji kina magana ras. To me mutane za su ɗauka?”

Na rubuta: *Su ɗauki abin da suka ga dama.*

“Packie ya ce ko mahaifinmu da ya kai mahaifinsa kotu a kan iyakar gona bai taɓa hana shi amsar gaisuwa ba. Tsohon nan ko abinci ba ya ci sosai.”

*Gara a ce ina da taurin kai da a ce ina ban tausayi.*

“Ai duka biyun za a ce, 'yar nan, ki jira.” Ta turo mini kwanon dankali. “Ci. Na dama shi da madara, zai wuce.”

Ya wuce, da ƙyar. Ta yi kamar ba ta gani ba. Ita ma ta iya.

Litinin, 11 ga Nuwamba, da safe

Packie ba ya bakin ƙofar gonarsa. Ƙofar kawai, da ruwa.

Laraba, 13 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Yau na ci nasara, kuma zan rubuta ta da manyan baƙaƙe.

Muryar ba ta kai ƙarfe goma ba. Sai na rubuta a babban allo: *Yau ku ne malamai. Ku kawo sunayen ruwan da kuka samo.* Suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Akwai ruwan da ba ka ganinsa sai ka ji ka jiƙe. Akwai mai zuwa a kwance daga teku ya shiga kunne. Akwai wanda ke sauka rana na haskawa. Kakan Ultan ya ba shi wani suna da ya ce na ruwan da ke jira sai ka shanya wanki ne, ina zargin tsohon ƙirƙirarsa ya yi, amma na karɓa.

Na lura da wani abu: in malama ta yi shiru, yara ma sai su rage murya don su ji abin da ba ta faɗa ba. Ultan da kansa ya juya ya ce wa na kusa da shi, “Kai, rufe mana baki, Malama na rubutu.” Ultan! Da na san haka, da tun tuni na yi shiru.

Da za su fita Sorcha ta tsaya. “Malama, kwaɗon yana ciwo?”

Na girgiza kai.

“Ƙarya irin ta rana mai laushi?”

Yarinyar nan za ta yi nisa. Na nuna mata ƙofa da alli.

Duk wanda ya ce ba zan iya riƙe aji ba, ya zo ya gani.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, da magariba

Na tarar da buhu a dakalin gida. Ciki dashen itatuwa ne, saiwoyinsu naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, masu kyau, sun fi waɗanda ragon ya ci. Babu sunan kowa. Akwai sawun takalmin roba mai faci a diddigen hagu, kuma garin nan kowa ya san takalmin.

Kalma uku kawai yake nema. Ina da su. In na ba shi, sai in ba Concepta, sai in ba mai kawo wasiƙa, sai in ba Fada na coci, kafin Laraba babu abin da zai rage wa yara. In kuma na rubuta masa dalili, kafin la'asar burodi ya iso.

Mun dasa itatuwan da yara cikin yayyafi. Ƙasa ta yi taushi, lokacin dashe ne sosai.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, da rana

Ban ji tsoro ba. Na rubuta don a sani.

Talata, 19 ga Nuwamba, shida na yamma

Kwana uku ana zuba ba ƙaƙƙautawa. Kogi ya hau kan hanya a gangaren gada. Yaya Attracta ta je ta duba, ta ce motarmu in ta shiga sai dai a ciro ta da ƙugiya. Bas ɗin birni na tsayawa a tsallake.

Na yi sallama da aji. Na tara abin da ya rage na ce musu da baki, “Ku yi wa sabuwar malama biyayya. Amma kada ku saba da ita.” Suka yi dariya. Ita ce maganata ta ƙarshe da wannan murya. Da na sani da na zaɓi wadda ta fi ta hikima. A'a. Ta yi daidai.

Na haɗa jaka. Na sa allo da alli a sama.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, da hantsi, a gida

An yi. Ba zan rubuta ɗakin ba, ko fitilar, ko abin da suka cire suka tafi da shi don su bincika. Safiyar Laraba zan rubuta.

Ruwan bai janye ba. Abu ɗaya ne a wannan ɓangaren zai iya ƙetare shi, taraktar Packie. Yaya Attracta ta je ta dawo fuska a murtuke.

“Ya ce in Malama na son tarakta, Malama na da baki.”

Na ɗauki allo na fita. Na same shi a rumfar ciyawa, ya juya mini baya yana gyaran abin da bai lalace ba. Na fara rubutu a tsakar gida, ruwa ya wanke allin kafin in kai ƙarshen layi. Na shiga rumfar na goge da hannun riga na sake. Na zagaya na sa masa a gaban hanci.

“Ba ni da tabarau,” ya ce, yana kallon rufi.

Na ƙara girman baƙaƙen. *BA RAGONKA BA NE. MAƘOGWARONA NE. YAU ZA A YI AIKI.*

Ya riƙe allon nesa da fuska, leɓɓansa na motsi. Ya kai ƙarshe. Ya koma farko. Sannan a hankali ya kai hannu ya cire hula.

Na fizge allon. *MAYAR DA HULARKA. BAN MUTU BA.*

Ya mayar da sauri kamar ɗan aji ɗaya.

“To ke Malama, don girman Allah, me ya hana ki faɗa?”

Na tsaya ina kallonsa.

“Au,” ya ce. “Haka ne fa.”

Ya ɗora mu a akwatin bayan tarakta, inda yake ɗaukar tumaki, ni da Yaya Attracta da jaka, muna riƙe da ƙarfe, warin rago na tashi. Wataƙila ragon nan ne ma. A tsakiyar ruwan, ya kai rabin taya, iska na watsa mana shi a fuska, sai ya waiwayo ya ɗaga murya sama da ƙarar inji:

“Rana mai laushi, Malama!”

Sannan ya matse murya siririya kamar ta akuya ya amsa wa kansa: “Mai laushi, Packie, godiya ga Allah!”

Yaya Attracta ta yi dariya har ta kusa faɗawa kogi. Ni kuwa ruwan sama ne a fuskata. Kuma muryata ba haka take ba.

Kafin mu hau bas na rubuta masa kada ya faɗa wa kowa. Ya dafa ƙirji ya rantse da kabarin uwarsa.

Jiya da muka dawo mun tarar da burodi mai zabibi guda shida a dakali.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da yamma

Shiru na gaske yanzu, ba na zaɓi ba. An hana ni ko gyaran murya har sai na koma an duba. Likita ya ce wasu murya takan dawo musu, wasu ba ta dawowa yadda take, wasu kuma. Bai ƙarasa ba, ni ma ba zan ƙarasa masa ba.

Concepta ta zo. Ta karkatar da kai. Na miƙa hannu biyu na daidaita mata shi. Ta yi sororo, sannan ta fashe da dariya ta ce, “Ja'ira! Ni da na yi sati biyu ina addu'a Allah ya shirye ki.”

Talata, 26 ga Nuwamba, tara saura

Ina tsaye a taga yara suka zo wucewa, cikin rigunan ruwa masu launi kamar alewa. Suka tsaya a bakin shingen gida. Ultan ya ƙirga da yatsa, rabinsu suka yi ihu, “Rana mai laushi, Malama!” Sauran rabin suka amsa, “Mai laushi, godiya ga Allah!” Suka ruga.

Packie ya koya musu. Wa kuma?

Sabuwar malamar, an ce, tana da kirki, tana da murya mai daɗi, tana kaɗa jita. Madalla. Ina taya ta murna. Jita!

Laraba, 27 ga Nuwamba, da rana

Ruwa, rana, ruwa, ƙanƙara kaɗan, rana. Sama ma ba ta san abin da take so ba. Ni na sani.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, biyar na yamma

Fintan ya zo, ya zauna a bakin kujera, ya ci burodi yanka biyu don ya jinkirta.

“Kwamitin makaranta zai zauna ranar Litinin da yamma, Malama. Suna so su san matsayi. In har lokacin ba ki iya magana da aji ba, yarinyar za ta ci gaba har ƙarshen shekara. Daga nan kuma, kin san shekarunki sun kusa.”

*Faɗi kalmar.*

“Ritaya.”

*Ka ce riƙo.*

“Na ce. Ba ni kaɗai ba ne, Malama. Da ni kaɗai ne...” Ya dubi takalminsa. A ɗaure yake tam. Ya shirya kafin ya zo.

Na ba shi burodi guda ya tafi da shi. Saura da yawa.

Asabar, 30 ga Nuwamba, da la'asar

Jiya mun koma birni. Likita ya leƙa ya ce wurin ya warke yadda yake so, in gwada. “Ce *a*, Malama.”

Na rufe baki gam.

“Ko sau ɗaya.”

Na rubuta: *Sai na ga dama.*

Yaya Attracta ta jira muka sauka daga bas. Sannan ta ce, “Muddin ba ki buɗe akwatin ba, ba wanda zai ce babu komai a ciki, ko? Na san ki tun kina tsumma.”

Ba haka ba ne. Kawai ba zan ba wa likita kalmata ta farko ba, kuma ba za ta zama *a* ba.

Na tsaya gaban madubi ɗazu. Na buɗe baki. Na rufe.

Lahadi, 1 ga Disamba, bayan coci

Da sauri nake rubutu, in zai karkace, ya karkace ɗin.

Mun tashi da guguwa daga teku. Ruwa a kwance, irin mai shiga kunne, da ƙanƙara a ciki. Kwandon sharar Concepta ya wuce mu a hanya shi kaɗai kamar mai sauri zuwa coci. Lemata ta juye ta koma kwando, ƙarfenta ya kama mini gashi, ruwa ya gangara ta wuyan riga har gadon baya. Takalmina na dama ya cika. Ban yi barcin kirki ba kwana biyu, gobe kwamiti, ga burodi ya fara tsami a gida.

Ga Packie a bakin ƙofarsa, ya riƙe hula da hannu biyu, iska na neman ɗaga shi, yana murmushi da haƙoransa huɗu.

“Rana mai laushi, Malama!”

Na ga ya ja numfashi, ya matse leɓe, zai sake yin muryar akuyar nan.

“Laushin me, Packie? Makancewa ka yi? Wannan ai masifa ce!”

Packie ya haɗiye muryar akuyarsa.

Muryar da ta fito ba tawa ba ce. Ta yi ƙasa, ta yi kaushi, kamar ƙofar ƙarfe da ta shekara ba a buɗe ba. Amma daga bakina ta fito, kuma ta tsallake hanya ta isa kunnen tsoho rabin kurma a cikin guguwa. In ta kai nan, za ta kai bencin baya.

Yaya Attracta ta saki jakarta a cikin taɓo.

Packie ya matso a hankali, ido waje.

“Malama. Kin zagi ruwa.”

“Na zage shi.”

“Ran Lahadi. A hanyar coci. 'Yar gidan Tierney guda.”

“Ƙwarai.”

Ya share fuska da jiƙaƙƙiyar hularsa, abin da bai rage komai ba. Ya ce, “Ƙara zaginsa in ji.”

Litinin, 2 ga Disamba, bakwai da rabi na safe

Rediyo ya ce a kwanaki masu zuwa ba za a yi sanyi sosai ba, za a yi ruwa, kuma sama ba ta da tabbas. Na ce masa, da baki, “Mun ji.”

Akwai sakamakon da za a faɗa mini ranar Alhamis. Alhamis ta bi layi, yau Litinin ce.

Likita ya ce kaɗan-kaɗan, ban da ihu. Zan riƙe allon, zan bar wa yarinyar da jitarta bayan tsakar rana, tunda ta zo. Safiya tawa ce. Kwamiti kuma in suna son jin matsayi, su zo da wuri su tsaya a bayan aji, kusa da Ultan.

Na sa takalmin roba. Lema ta mutu, ba zan sayi wata ba. Daga nan ina hango hular Packie a bakin ƙofa, yana jira, kuma ina da kalma uku da na daɗe ina riƙe masa.